Iskar Dutse Da Wutar Da Aka Ce Ta Mutu

Duk wanda ya tashi a ƙauye kamarmu ya san abin da iyayenmu mata sukan yi bayan an ci tuwon dare. Kafin su shiga ɗaki sai su tattara garwashin da ya rage a murhu, su tura guntun itace a ciki, su rufe da toka. Da asuba ka zo ka duba, ba hayaƙi, ba alamar komai. Amma da uwa ta tone tokar nan, ta sa 'yan ƙirare, ta sunkuya ta hura sau biyu ko uku, sai ka ga wuta ta tashi. Ba ta nemi ashana ba. Wutar jiya ce ta kwana cikin toka tana jiran iska.

Mun tuna da wannan ne sa'ad da muke bin labarin babbar gobarar da ta cinye wasu unguwannin birnin Los Anjelis na ƙasar Amurka cikin watan Janairu na 2025. Da farko mun ɗauka labari ne na masu arziki a wata ƙasa mai nisa, wanda bai shafe mu ba. Amma da masu bincike suka bayyana yadda abin ya faru, sai muka ga ashe ilimin da tsohuwa take da shi a bakin murhu, shi ne ya kuɓuce wa mutane masu motoci da jirage. Da yawa kuwa daga cikin masu karanta wannan mujalla a gindin duwatsu suke zaune, kowace shekara hunturu yakan same su da busasshiyar ciyawa har bakin danga. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Birni a gindin dutse

Los Anjelis yana jihar Kalifoniya, a bakin tekun Pasifik. Teku na gabansa, duwatsu na bayansa. Jerin duwatsun da ake kira San Gabriel suna tsaye a arewacin birnin kamar ganuwa, mafi tsawonsu ya wuce mita 3,000. Domin mai karatu ya kwatanta, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Da birnin ya cika ya batse, sai mutane suka yi ta gina gidaje suna hawa gangaren duwatsu, suna shiga bakin kwazazzabai, har bayan gidan mutum ya zama daji. Dajin kuwa na gajerun itatuwa ne masu kauri, kamar inda sabara da geza suka haɗe, ganyen waɗansunsu yana da maiƙo, idan ya bushe ci yake kamar an zuba masa kananzir.

A ƙasar akwai wata iska da suke kira Santa Ana, wadda takan zo daga wajen Oktoba zuwa Maris. Asalinta ba shi da wuyar ganewa. Bayan duwatsun nan akwai ƙasa mai faɗi, mai tudu, busasshiya, wajen jihohin Nebada da Yuta. Idan sanyi ya kama, iska mai nauyi takan taru a can kamar ruwa a bayan madatsa. A bakin teku kuwa iska ba ta da nauyi haka. To, ita iska halinta ɗaya da ruwa, daga inda ta yi yawa takan kwarara zuwa inda ta yi ƙaranci. Sai ta doshi teku, ga duwatsu sun tare hanya. Dole ne ko ta haura ta kansu ta faɗo, ko ta matse ta bi ta kwazazzabai.

Idan ta matse cikin kwazazzabo gudunta yakan ƙaru, kamar yadda kowa ya san iska ta fi ƙarfi a lungun da ke tsakanin ɗaki biyu. Idan kuma tana gangarowa, nauyin iskar da ke bisanta yakan danne ta, dannewar nan kuwa takan sa ta yi zafi. Mukan nuna wa yaranmu na aji wannan da famfon keke. Ka yi ta buga iska cikin taya, sa'an nan ka taɓa gindin famfon, za ka ji ya yi ɗumi. Masana sun auna sun ga busasshiyar iska takan ƙara zafi wajen digiri 10 a kowace mita 1,000 da ta gangaro. Iskar da ta yi ɗumi kuwa ƙishirwa take ji. Sai ta tsotse laimar ganye, da ta ciyawa, da ta katakon gida, har leɓen mutum ma ba ta bari.

Su mutanen Kalifoniya damunarsu a lokacin sanyi take. A damuna biyu da suka gabata, ta 2022 zuwa 2023 da ta 2023 zuwa 2024, an yi ruwa sosai, daji ya yi kyau, ciyawa ta tashi a ko'ina. Daga nan sama ta rufe. Tun watan Mayu na 2024 har shigowar Janairu na 2025, ruwan da aka auna a tsakiyar birnin bai kai rubu'in inci ba. Manomi ya san wannan lissafi ba sai an gaya masa ba: shekarar da damuna ta yi albarka, ita ce shekarar da wutar daji takan sami abinci.

Ranar Talata

Kada wani ya ce ba a yi gargaɗi ba. Tun kwanaki kafin abin ya faru, ma'aikatar duba yanayi ta ƙasar ta yi ta shela cewa iska mai haɗari ga rai tana zuwa, musamman a kan duwatsu da unguwannin da ke gindinsu. Ran Talata 7 ga Janairu iskar ta iso. A kan wasu duwatsu an auna gudunta ya kai mil 100 a awa, wato kilomita 160, gudun da direba mai hankali ba ya yi ko a kan sabuwar kwalta.

Wajen ƙarfe 10:30 na safe aka ga hayaƙi a kan tudun da ke bayan unguwar Pacific Palisades, can kusa da teku. Kafin azahar wuta ta shiga gidaje. Hanyoyin sauka daga unguwar kaɗan ne, sai motoci suka cushe, mutane suka bar su a tsakiyar titi suka gudu da ƙafa, har sai da aka kawo katafila ta ture motocin gefe domin 'yan kwana-kwana su sami hanya. Da yamma kuma, bayan ƙarfe 6, wata wutar ta tashi a kwazazzabon Eaton, a gindin duwatsun San Gabriel, iska ta koro ta cikin garin Altadena.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda kayan aiki suka kāsa. Birnin yana da jirage masu zuba ruwa daga sama, amma a daren nan dole aka saukar da su, gama iskar ta fi ƙarfinsu, ko an zuba ruwan ma ba ya sauka inda aka nufa. A saman unguwar Palisades akwai manyan tankuna 3, kowanne yana cin wajen galan miliyan 1. Kafin ƙarfe 3 na daren duk sun ƙafe, 'yan kwana-kwana suna buɗe famfunan titi ba ruwa. Wani babban tafkin ajiya da ke kusa kuwa an riga an zubar da ruwansa domin gyara. An yi ta cacar baki a kan wannan, da gaskiyar masu fushi. Amma mu dai a ganinmu, ko da tafkin nan yana cike, ba tiyon da zai tare wutar da iska irin wannan take korawa. An shirya famfunan gari domin gida ɗaya ko biyu idan sun kama, ba domin unguwa ɗungum ba.

Ga dalili. A irin wannan rana wuta ba tafiya take yi a ƙasa kaɗai ba, tashi take yi. Iska takan tsinko garwashi, da guntayen ɓawon itace, da katako mai ci, ta jefa su gaba har nisan mil guda ko fiye. Suna zuba kamar ƙanƙara. Wani ya faɗa cikin busassun ganyen da suka taru a indararo, wani ya shige ta kafar shan iska ya sauka cikin silin, wani ya maƙale a shingen katako. Kana nan kana tsaron gaban gida, bayan gida ya kama. Da gida ɗaya ya kama kuwa, shi ma ya zama murhu yana aika wa maƙwabtansa. Maƙeri ya san abin da zugazugi yake yi wa gawayi. To, a daren nan dutse duka ya zama maƙera.

Ba a shawo kan wutar nan biyu ba sarai sai ran 31 ga Janairu. Ta Palisades ta ci eka wajen 23,000 da gine-gine fiye da 6,800. Ta Eaton ta ci eka wajen 14,000 da gine-gine fiye da 9,400. Mutum fiye da 150,000 aka umarta su bar gidajensu. Mutum 31 suka rasu, 12 a Palisades, 19 a wajen Altadena. Wutar ba ta zaɓa ba. A Altadena majami'ar Baptis ta ƙone, da ta Methodist, da majami'ar St. Mark tare da makarantarta. Masallacin Al-Taqwa ya ƙone, haka kuma wurin sujadar Yahudawa na Pasadena, ko da yake sun sami fitar da littattafansu na Attaura. A Palisades cocin Katolika na Corpus Christi ya zama toka. Ran Lahadin da ta biyo baya, ekklesiyoyi da dama a ɗakunan aro suka yi sujada.

Daga ina ta fito?

A kan wutar Eaton, zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan manyan wayoyin lantarki da suka ratsa kwazazzabon, har a watan Satumba na 2025 gwamnatin tarayyar ƙasar ta kai kamfanin lantarkin ƙara. Amma labarin ta Palisades shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

A watan Oktoba na 2025 masu bincike na gwamnati suka ce wutar Palisades ba sabuwa ba ce. Daren shiga sabuwar shekara, ran 1 ga Janairu, wata 'yar wuta ta tashi a kan tudun nan, ta ci wajen eka 8. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe ta, suka naɗe kayansu suka tafi. Ashe ta shige ƙasa, tana cin saiwoyin itatuwa a hankali inda ido ba ya gani. Kwana 6 tana nan. Da iskar Santa Ana ta iso, sai ta yi mata abin da uwa take yi wa murhu da asuba.

Da mun ce tsautsayi ne na sau ɗaya, in da ba a taɓa ganin irinsa ba. Amma an gani, a wurare dabam dabam na wannan ƙasa ta Amurka, kowane kuwa a gindin dutse.

A can arewacin Kalifoniya akwai birnin Oakland mai unguwanni a kan tuddai. Ran Asabar 19 ga Oktoba 1991 ciyawa ta kama a wani gangare, aka kashe. Kashegari Lahadi da hantsi, lokacin da mutane da yawa suke majami'a, busasshiyar iska ta gangaro ta tada ta. Mutum 25 suka mutu, gidaje wajen 3,000 suka ƙone.

A jihar Kolorado kuma, a filin da ke gindin manyan duwatsun Roki, waɗansu mutane suka ƙone tarkacen katako da rassan itace a filin gidansu ran 24 ga Disamba 2021, jajiberen Kirsimati. Ba su yi sakaci irin na ganganci ba. Da suka gama sai suka rufe wurin da ƙasa, kamar yadda yawancinmu za mu yi. Ran 30 ga wata iska ta faɗo daga dutse da gudun da ya wuce mil 100 a awa, ta kwashe ƙasar, ta tarar da garwashi da ransa. Masu bincike sun ce wannan wuta ta haɗu da wata da ta tashi a wajen wayar lantarki, su biyu suka cinye gidaje fiye da 1,000 a yini ɗaya, mutum 2 suka rasu. Kashegari dusar ƙanƙara ta sauka a kan toka.

Mafi muni shi ne na garin Lahaina, a tsibirin Maui na Hawai, wanda yake tsakanin dutse da teku. Ran 8 ga Agusta 2023 da sassafe wayar lantarki da ta tsinke ta kunna ciyawa. 'Yan kwana-kwana suka yi ta aiki a wurin har bayan ƙarfe 2 na rana, suka ga ba sauran hayaƙi, suka tashi. Ba a yi awa guda ba wutar ta sāke tashi, iska mai gangarowa daga dutse ta kora ta cikin gari. Mutum 102 suka mutu. Majami'ar Waiola, wadda ta yi bikin cika shekara 200 a shekarar nan, ta ƙone. Wani abin lura, ciyawar da ta kai wutar bakin gari yawancinta irin ta Afirka ce, wadda aka kai tsibirin domin kiwon shanu, ta mamaye tsofaffin gonakin rake da aka daina nomawa. Irin ciyawar da ke bayan gidajenmu ke nan.

Mai karatu ya lura, a waɗannan wurare duka an yi ƙoƙarin kashe wutar. Kuskuren shi ne an ga hayaƙi ya ɗauke aka ce ta mutu. Rufe wuta da ƙasa kuwa sau da yawa ajiye ta ne. Ai haka masu gawayi suke yi, su tara itace, su kunna, su rufe da ƙasa, ya yi kwanaki yana ci.

Waɗanda aka bari a baya

Akwai abin da bai kamata mu wuce shi ba. Yawancin waɗanda suka mutu a Los Anjelis tsofaffi ne, waɗansu kuma naƙasassu. A Altadena akwai wani titi mai suna Lake da ya raba garin biyu. Mutanen gabashinsa an umarce su su fita tun farkon dare. Na yammacinsa kuwa, inda baƙaƙen fata da yawa suka mallaki gidaje tun zamanin da ake hana su saye a waɗansu unguwanni, umarnin bai iso musu ba sai bayan ƙarfe 3 na dare, lokacin da gidaje sun riga sun fara ci. Kusan dukan mutum 19 ɗin nan a yammacin titin suka mutu. Waɗansu suna jiran a gaya musu su fita. Waɗansu suna jiran motar da za ta ɗauke su. An tarar da wani a ƙofar gidan iyayensa da tiyon ban ruwa a hannu.

Ba za mu yi wa mamaci hukunci ba. Wanda ya yi shekara arba'in yana biyan bashin gida, ba abu mai sauƙi ba ne ya juya masa baya. Amma waɗanda suka tsira, da yawansu maƙwabci ne ya buga musu ƙofa. Ba su jira shela ba, suka ga sama ta yi ja, suka ji kukan iska, suka ɗauki tsohuwar da ke gidan kusa suka fita.

Mu fa?

Kada mu zuguguta. Iskar hunturunmu, wadda take busowa daga arewa maso gabas ta kan Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, ba safai takan kai ƙarfin Santa Ana ba. Amma wajen bushewa ba ta da na biyu, dubi dai yadda takan tsaga kujerun aji da diddigen yara. Waɗanda suke zaune a bakin kwazazzabai, ko a ƙasar Filato, ko gindin duwatsun Kagoro, ko Mandara, ko gangaren Mambila, sun san daren da iska takan yi ta kuka a kan kwano har gari ya waye. Mu kuma ba ma bukatar iskar mil 100. Ɗakinmu jinka ne, shingenmu zana ne ko kara, harawa na kan rumfa, rumbu na tsakar gida, motar kashe gobara kuwa tana can babban gari, in ma akwai ruwa a cikinta. Ga masu kunna wuta ba iyaka: yara masu farautar gafiya da zomo, masu ɗiban zuma da bakin wuta, makiyayi mai neman sabon toho, manomi mai sharar gona, da matafiyi mai jefa guntun taba.

Mu kanmu ba mu da bakin yi wa kowa faɗa, gama abin ya taɓa faruwa a hannunmu. Makarantar da muke koyarwa a gindin dutse take. Wata Juma'a cikin sanyi muka sa yara suka share fili, aka tara ganye da takardu a wani rami bayan azuzuwa, kusa da wani tsohon kututture, muka kunna. Da aka tashi muka sa manyan yara suka tura ƙasa a kai, muka tsaya muka duba, ba hayaƙi, muka tafi gida da zuciya ɗaya. Asabar ta wuce lafiya. Ran Lahadi iska ta tashi tun da safe. Ana tsakiyar wa'azi sai wata yarinya ta shigo a guje tana ihu. Kafin mu fita wuta ta bi ciyawar bayan makaranta ta kama zanar gidan mai bishara. Maza suka karya ɗanyun rassa, mata suka yi layi daga rijiya. Allah ya taimake mu ɗakuna ba su kama ba, ba wanda ya ji rauni, amma rumbun dawa guda ya tafi, abincin shekara na mutum mai 'ya'ya biyar.

Da ƙura ta lafa, wani dattijon ekklesiya ya bi sawun toka har bakin ramin nan. Ya sa sanda ya tone gindin kututturen, cikinsa ja wur. Ya kira mu gefe, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da kuka rufe, kun zuba ruwa?" Muka ce, "A'a, Baba, ƙasa muka tura." Ya ce, "To, ai kwantar da ita kuka yi." Bai ƙara ba. A cikin littafin Fitowa sura 22, shari'ar Musa ta ɗora biyan hatsin da wuta ta ci a kan wanda ya kunna ta, ba ta tambayi ko da gangan ya yi ba. Mai bishara ya ƙi karɓar komai daga hannunmu, sai da dattawa suka sa baki aka mai da shi gudummawar ekklesiya duka, kowane gida ya kawo dami, namu kason kuwa muka ninka. Har yau idan muka wuce wurin kututturen nan mukan ji kunya.

Tun daga ranar ba a ƙona shara a makarantarmu sai da bokitin ruwa a gefe. Idan ta cinye, a zuba ruwa, a motsa tokar da sanda har ƙasa, a sāke zubawa, sa'an nan malami ya kai bayan hannunsa kusa. In da sauran ɗumi, ba a gama ba. Kashegari kuma a koma a duba. Kututture, da busasshen kashin shanu, da tarin ƙaiƙayi a masussuka, da juji, su ne suka fi riƙe wuta a ɓoye, waɗansu har kwana da kwanaki. Ranar da aka tashi da iska kuwa ba a kunna komai a waje, ko da an riga an tara.

Sauran aikin na kafin iska ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A Kalifoniya doka ta ce wanda gidansa yake bakin daji ya rage ciyawa da ƙirare har ƙafa 100 kewaye da gidan, wato taki talatin da 'yan kai. Kakanninmu ba su da wannan a rubuce, amma sukan share kewayen gari da na rumbuna da zarar an gama girbi, su ƙone ciyawar bakin gari tun tana da sauran laima, da yamma lis sa'ad da iska ta kwanta, mutane na tsaye da rassa. Wutar da ta zo daga baya sai ta tarar ba abin ci. Mu ne muka bar wannan al'ada, muna jiran gwamnati.

Akwai kuma abu guda da ya kamata kowane yaro mai zuwa kiwo ko itace a kan dutse ya sani. Wuta ta fi gudu idan tana hawa, domin harshenta yana kwanciya a kan ciyawar da ke sama da ita yana gasa ta tun kafin ya iso. Masu aikin kashe wutar daji sukan ce duk ƙarin digiri 10 na tsayin gangare yakan ninka gudunta. Mutum kuwa a hawa ne gudunsa yake raguwa. Saboda haka wanda wuta ta taso masa daga ƙasa kada ya ce zai tsere mata zuwa ƙwanƙolin dutse, kada kuma ya shiga kwazazzabo mai ciyawa, gama nan ne take zuƙowa kamar hayaƙi a bututu. Ya ratsa gefe, ya nemi fā, ko gonar da aka share, ko inda wutar ta riga ta cinye.

A taron dattawa na bayan girbi mun karanta musu labarin Altadena. Aka yi shiru, sa'an nan shugabar zumuntar mata ta ce a ƙidaya. Aka ƙidaya, aka sami mutum tara a unguwarmu waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu da dare ba: tsofaffi shida, makaho ɗaya, gurgu ɗaya, da wata mai jego wadda mijinta yake aiki a birni. Biyu daga cikinsu Musulmi ne maƙwabtanmu, aka aika wa limaminsu, ya ce a sa da su. Kowane ɗaya aka ba shi saurayi biyu da suka san ƙofar ɗakinsa. Aka kuma shirya cewa idan aka ji ƙararrawar majami'a ana bugawa ba tsayawa, ba kiran sujada ba ne, kowa ya nufi filin ƙwallon makaranta, wanda za a riƙa sharewa har ƙarshen rani. Maganar yara masu farautar gafiya daga ƙauyen da ke bayan dutse kuwa ta fi ƙarfin ekklesiya. An kai ta gaban mai unguwa, ya ce zai aika wa takwaransa, a zauna bayan an gama sussuka.